Baƙonka Zai Sauka Osaka: Wane Tikitin Jirgin Ƙasa Ya Cancanci Kuɗinsa?

Duk wanda ke zaune a yankin Kansai na Japan, inda Osaka da Kyoto suke, ya san tambayar da aboki ke jefowa da zarar biza ta fito: "In sayi JR Pass ɗin nan da ake ta magana a kansa?" JR Pass tikitin baƙi ne na hawa jiragen ƙasan kamfanonin JR a faɗin Japan. A da amsar ba ta buƙatar tunani. Amma tun Oktoba 2023 farashin na kwana 7 ya tashi daga yen 29,650 zuwa 50,000, na kwana 14 kuma ya kai 80,000. Zuwa Tokyo daga Kyoto da dawowa a Shinkansen, jirgin ƙasa mai matuƙar gudu, yana kamawa wajen yen 28,000, wato in mutum bai zaga rabin ƙasar ba, da wuya ya fanshe kuɗinsa. Ga shi kuma jiragen Nozomi da Mizuho, mafiya sauri, sai an ƙara biyan wani kuɗi kafin mai wannan tikiti ya hau su. Idan baƙonka ba mai niyyar tashi daga Kyushu a kudu har Hokkaido a arewa cikin mako guda ba ne, ka ce masa ya riƙe kuɗinsa.

Wanda nake sa baƙina su saya shi ne Kansai-Hiroshima Area Pass na kamfanin JR West. Kwana 5 ne a jere, yen 17,000 a farashin da aka sanya a 2023. Lissafinsa a fili yake: zuwa Hiroshima daga tashar Shin-Osaka a Shinkansen ya haura yen 10,000, dawowa ma haka. Wannan tafiya guda ta riga ta biya tikitin har da rara, sauran kwana huɗun kuwa kyauta ne. Abin da ya ƙara sa ni ƙaunarsa shi ne a tsakanin Shin-Osaka da Hiroshima yana hawa Nozomi da Mizuho ba tare da ƙarin ko sisi ba, abin da babban JR Pass mai tsada ba ya yi. Ana kuma iya ware kujera da shi. Jirgin Haruka da ke ɗauko mutum daga filin jirgin saman Kansai zuwa Kyoto cikin kusan minti 75 ma yana ciki, don haka tikitin na iya fara aiki tun daga ranar sauka.

Ka duba abin da kwana biyar ɗin ke ɗauka. Fadar Himeji, farar fadar nan da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1993, tana kan hanya. Hiroshima da wurin tunawa da bam ɗin 6 ga Agusta 1945, inda ban taɓa kai baƙo ya fito yana surutu ba. Daga nan sai jirgin ruwan JR zuwa tsibirin Miyajima, shi ma yana cikin tikitin, sai dai harajin shiga tsibirin na yen 100 da ake biya daban. Ranar Juma'a a sauka tashar Sannomiya a taka zuwa Masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, mafi daɗewa a Japan, ya tsira daga ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. Nara da barewanta masu sunkuyar da kai idan sun ga biskit a hannunka, da Fushimi Inari mai jerin jajayen ƙofofi, tasha biyu kacal daga Kyoto, duk layin JR ya kai su.

Waje guda ne yake da tarko, kuma ka nanata wa baƙonka shi: Shinkansen tsakanin Shin-Osaka da Kyoto ba na JR West ba ne, na JR Central ne, don haka tikitin bai shafe shi ba. Ya hau jirgin Shinkaisoku, wajen minti 30 daga Osaka ya isa Kyoto.

Sauran kuwa ba su da dogon bayani. Kansai Area Pass yana da araha amma babu Shinkansen a cikinsa. Kansai Railway Pass na layukan kamfanoni masu zaman kansu ne, ba ya hawa JR, ba ya kai Hiroshima. Katin ICOCA kuma, wanda ake zuba masa kuɗi a riƙa biyan kuɗin sufuri da shi, ba abokin takara ba ne, yana da kyau a saye shi ko ma wane tikiti aka zaɓa, saboda bas ɗin Kyoto da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Osaka. Ajiyar yen 500 ake bari a kansa.

Sai maganar abin shan Japan da ake kira sake, don kusan duk baƙo sai ya tambaya. Giyar shinkafa ce, ƙarfin barasarta wajen kashi 15 cikin ɗari, ni ba na sha kuma ba na saya wa kowa. Amma garin Saijo, wanda ke kan layin JR kafin Hiroshima kuma tikitin nan ya kai shi, wuri ne mai kyan gani: fararen katangu, dogayen bututun hayaƙi na jan bulo, da rijiyoyin da gidajen ke barin mai wucewa ya ɗanɗani ruwansu. A Disamba 2024 UNESCO ta sanya fasahar gargajiya ta yin sake da koji, wani nau'in funfuna da ake sarrafa shinkafa da shi, cikin al'adun da take karewa. Ka tambayi baƙonka tun kafin ku tashi, domin akwai wanda ko kusa da irin wannan wuri ba ya son zuwa, kuma a girmama masa hakan. Abin da za ka iya miƙa masa da kwanciyar hankali shi ne amazake, farin abin sha mai zaƙi da kauri kamar kunun shinkafa. Sai dai iri biyu ne, kuma kwalabensu na zaune kafaɗa da kafaɗa a kanti. Wanda aka yi da shinkafa da koji, mai rubutun 米麹, ba shi da barasa. Wanda aka yi da tukar sake, mai rubutun 酒粕, yana ɗauke da ita kaɗan. Dokar Japan ba ta ƙirga abin da bai kai kashi 1 cikin ɗari ba a matsayin giya, shi ya sa za ka same shi cikin lemuka ba tare da wani gargaɗi babba ba. Ka juya kwalbar ka karanta, in a shago ne aka dafa ka tambayi mai sayarwa da me aka yi.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Waɗannan tikitoci na mai hatimin baƙo na ɗan lokaci ne a fasfo, kuma ana duba sunan da ke takardar saye da na fasfon harafi da harafi. Mu kuwa sunayenmu kowa da yadda aka rubuta masa. Wani dillali da ba zan ambata ba ya taɓa sayar wa baƙona takardar canji, wadda ake miƙawa a tasha a karɓi tikitin, da "Mohammed" alhali fasfonsa "Muhammad" ya ce. Ma'aikaciyar tashar ta ɗora yatsa kan sunan, ta duƙa ta ba da haƙuri, ta turo masa takardar. Dillalin bai sake ɗaga waya ba. Don haka ka sa baƙonka ya saya daga shafin JR West da kansa ko daga wakilin da kamfanin ya amince da shi, fasfo a buɗe a gabansa, ya kwafe sunan yadda yake, har da jerin na farko da na mahaifi.

Kada ya saurari masu tallar "ragowar kwana biyu" a Facebook ko WhatsApp. Tikitin na mutum ɗaya ne, ba a aro, ba a sayar wa wani. Kai ma mai masauki, mai katin zama, ba ka da damar amfani da shi, komai kwaɗayin arahar. Wanda aka kama da tikitin da ba nasa ba, ana ƙwacewa, ya biya kuɗin tafiyar ya ƙara ninki biyu a kai, ga kuma sunansa da zai ɓaci a ƙasar da yake neman sabunta takardu. Ka shirya biyan naka kuɗin Hiroshima cikakke, ka sa shi cikin kasafin karɓar baƙo tun farko. Ka kuma gaya masa in tikitin ya ɓata ba a sake bayar da wani, ya ajiye shi tare da fasfo, kada ya manta da ɗaukarsa bayan ya zura a na'urar ƙofa.

Kayanmu ma kan jawo asara. Tun 2020, akwatin da tsawo da faɗi da kaurinsa suka haura santimita 160 sai an ware masa kujera mai wurin manyan kaya a Shinkansen na wannan layi, in ba haka ba a caji yen 1,000. A lokutan cunkoso kamar hutun sabuwar shekara, Golden Week (ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu) da Obon (tsakiyar Agusta), Nozomi gaba ɗayansa sai da kujerar da aka ware.

Da dare kuma, idan kun fita cin abinci a unguwar Namba, duk wanda ya tare ku a titi da takardar farashi yana cewa yana da wuri mai araha a bene, ku wuce shi ko da ya rantse akwai naman halal. Japanawa na kiran irin wuraren bottakuri: ana zaunar da mutum da farashi guda, a kawo masa takardar biya da kuɗin kujera da na abin da bai nema ba. Ka zaɓi gidan abincin tun da rana, ka kira su ka tambaya ko suna zuba mirin, wato giyar girki mai zaƙi, ko giyar sake a miya, domin mirin na asali barasarsa ta kusa kashi 14 cikin ɗari.