LG mai inci 43 ko katon nan mai inci 55: ɗauki LG ɗin

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin talabijin ɗin LG mai inci 43 da wancan katon mai inci 55 da ka turo hotonsa, wanda ko sunan da ke goshinsa ban taɓa ji ba, tunda kuɗinsu kusan ɗaya ne kuma tsofaffin fina-finai za ka riƙa kallo, ɗauki LG ɗin kawai. Irinsa ne a falona.

Talabijin na yanzu akwai shisshigi. Duk hoton da aka ba shi sai ya sa masa hannu: ya ƙara launi, ya kaifafa gefen fuska, ya goge ɗigo-ɗigo, ya ja hoton ya cika allo. A wasan ƙwallo ba laifi. A fim ɗin da aka ɗauka wajen 1960 kuwa ɓarna ce tsagwaronta. Saboda haka wanda zai yi maka amfani shi ne wanda zai yarda ka kashe masa duk wannan rawar kai, kuma a nan LG ɗin ya yi wa katon fintinkau.

Yana da wani tsari da ake kira Filmmaker Mode. Ƙungiyar UHD Alliance ce ta fito da shi a 2019, LG da Samsung da Panasonic suka fara sa shi a talabijin ɗinsu na 2020. Da ka zaɓe shi, yawancin gyare-gyaren nan sun mutu a lokaci guda. Babba a cikinsu shi ne santsin motsi. Tun da aka fara fim mai magana, ƙarshen shekarun 1920, hoto 24 ake ɗauka a sakan ɗaya, kuma shi ya ba fim wannan tafiyar tasa da ido ya saba da ita. Shi kuwa talabijin sai ya ƙirƙiro wasu hotunan ya cusa a tsakani don motsi ya yi sulɓi, sai ka ga fim mai daraja ya koma kamar bidiyon ɗaurin aure da aka ɗauka da waya. A LG sunan abin TruMotion, a Samsung Auto Motion Plus (a sababbinsu Picture Clarity), a Sony Motionflow. Ko wanne ne a gidanka, kashe shi.

Babanmu da ƙuruciyarsa ɗan silima ne, ba ya wuce fim ɗin Indiya a Plaza ta Kano. Ya zo gidana duba jikoki, bayan sallar isha'i na kunna masa wani tsohon fim mai baƙi-da-fari, yaran kuma sun mayar da talabijin ɗin kan Vivid, tsarin nan mai ƙara launi, saboda katun. Bai yi minti biyar ba ya fara tsaki. Wai jarumar ta yi ƙiba, fuskarta ta yi faɗi, farin kayanta kuma ya koma shuɗi-shuɗi. Na karɓi rimot na mayar da shi Filmmaker Mode, na dawo da hoton kan girmansa. Nan take fuskar ta tsuke ta dawo daidai, kwallin idonta ya fito, har ninkin baƙin mayafinta ana gani, wanda ɗazu duk ya dunƙule ya zama baƙi guda. Baba ya gyara zama ya ce to yanzu ka kunna fim. Shayin da aka kawo masa har ya huce bai taɓa ba, yana ta gaya wa yara abin da zai faru kafin ya faru.

Wannan ƙibar da ya gani daga girman hoto take. Fina-finan da aka yi kafin CinemaScope, tsarin fim mai faffaɗan hoto, ya zo a 1953 kusan murabba'i ne, wajen 4:3, kuma a Indiya an daɗe bayan nan ana yin su a haka. Allon yanzu 16:9 ne. Dole baƙin fili ya rage a dama da hagu, kuma haka ya kamata ya kasance. Shiga Aspect Ratio ka zaɓi Original ko 4:3, ka bar baƙin filin ya zauna abinsa. Masu cewa sun biya kuɗin allo gaba ɗaya don haka sai ya cika, su ke kallon mutane gajeru masu faɗi.

Sauran kaɗan ne. Sharpness ka sauke shi ƙasa sosai, kada ya wuce 10, don shi ke zana farin layi a gefen kunne da hula. Zafin launi ka bar shi a Warm. Ranar farko za ka ga kamar ya yi ja-ja, ka yi haƙuri, idonka ne ya saba da shuɗin shago. Noise Reduction ka kashe in kwafin mai kyau ne, domin ɗigo-ɗigon nan masu rawa a fuskar fim na asalin faifan ne, in aka goge su har da gashin gira da tabon fuska suke tafiya. In da rana kake kallo ka ga duhu, hasken bayan allo za ka ƙara, wato Backlight ko Panel Brightness, ka ƙyale Brightness ɗin kansa, shi baƙi yake wankewa. Da daddare kuwa rage shi, ido ya huta, batirin sola ma ya ƙara jimawa.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Baƙin nawa ba baƙi ƙirin ba ne, in ka kashe fitila gaba ɗaya filin gefen nan toka-toka yake yi. Talabijin mai allon da ake kira OLED ne maganin wannan, kuɗinsa kuma ba na wannan maganar ba ne. Ni ƙaramin ƙwai na sa a bayan talabijin ɗin yana haska bango, shi ke nan ban ƙara lura ba.

Katon kuma, to, yana da girma. Na taɓa riƙe irinsa: zaɓin hoto uku ne kacal a ciki, duk ukun kalar alawa, kuma babu inda ake kashe santsin motsi. Girman ma cutarka zai yi in tsofaffin fina-finan Hausa na zamanin kaset da VCD ne. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, in ka baje shi a inci 55 sai fuska ta farfashe gida-gida. A 43 ma sai ka ɗan ja baya, ka kunna MPEG Noise Reduction a Low, a nan kaɗai yake da rana.

Ba ka tambaya ba amma ka kula da 'yan kasuwa. Akwai masu liƙa tambarin babban kamfani a jikin talabijin ɗin da ba nasa ba, akwai masu wanke na hannu su sa a sabon kwali. Kada ka biya sai an kunna a gabanka. Shiga saitin ka duba lambar samfuri da lambar siriyal, ka gwada su da na bayan talabijin da na kwali, dole su zo ɗaya. LG smart na gaske manhajar webOS ce a cikinsa, in ka ga wani tsari daban ajiye musu kayansu. Kada kuma hoton furanni da kifaye da suke kunnawa ya ɗauke maka hankali, an yi shi ne don shago. Tafi da filas ɗinka mai tsohon fim, ka sa a kunna, ka nemo Filmmaker Mode da hannunka. Ka karɓi rasit da katin garanti mai hatimi, in ka isa gida kuma ka cire shi daga Store Mode ka mayar da shi Home kafin ka taɓa komai.