Mai Hoda ko Mai Tawada: Wacce Ta Fi Cin Takarda a Sakkwato?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce firintarka HP LaserJet ta ishe ka da cin takarda a shagonka na Mabera, kullum kana buɗe bayanta kana zaro takarda a cukwikwiye, har ka fara tunanin rabuwa da ita ka sayi Epson mai tankin tawada, don an ce maka ita ba ta maƙalewa. Don Allah ka dakata tukuna. Na daɗe ina aiki da su duka biyun, kowacce tana cin takarda, dalilin ne ya bambanta.

Mai hoda, wato irin HP ɗinka, hanyarta doguwa ce. Rola ta ɗauko takarda daga tiren ƙasa, ta lanƙwaso ta sama, ta bi ƙarƙashin katirij, wato mazubin hodar, sannan ta shiga fiyuza, inda zafin da ya kusa digiri 200 ke narka hodar ta manne. Duk kwanar da ke cikin wannan tafiya wuri ne da takarda ke iya tsayawa. Epson irin L3110 da L3210 kuwa ta baya ake jera mata takarda a tsaye, ta gangaro ta fito gaba, ba zafi, ba kwana mai tsanani. Ta nan masu yabon ta sun faɗi gaskiya.

Sai dai ka tuna garin da muke. HP irin P2055 da M402 tirensu a rufe yake kamar aljihun tebur, yana ɗaukar takarda 250. Na Epson bakinsa a hangame yake yana kallon sama, 100 kawai yake ɗauka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da buji ke tashi, duk ƙurar da ta shigo shago cikin wannan baki take sauka, ta lulluɓe rola, sai ka ji tana ta juyawa a banza ba ta kama komai. Ba ƙura kaɗai ba. Na taɓa wuni guda ina fama da tawa, takarda na shiga a karkace tana yagewa gefe ɗaya, ashe murfin biro ne ya faɗa ciki. Wannan ba ya faruwa da tire mai rufi.

Yanzu ga abin da nake so ka duba kafin ka kashe ko kwabo: a ina takardar take tsayawa? Idan ko tashi daga tire ba ta yi ba, ko ta ɗan leƙo ta tsaya, rolar ɗauka ce. Ciro ta ka shafa da yatsa. Sabuwa tana da kaushi, tsohuwa kuwa sumul take tana ƙyalli kamar tayar da ta cinye. Goge ta da tsumma mai ɗan damshin ruwa, ka bari ta bushe. In ta sake, sauya ta, kuɗinta bai kai na katirij ba. Idan biyu uku take kwasowa lokaci ɗaya, ƙaramar robar da ke ƙarƙashin rola, mai raba takardu, ita ce ta cinye, ko kuma bushewar hunturu ce ta sa takardun suka manne da juna. Ka riƙa kaɗa gefen rim da babban yatsa, iska ta ratsa, kafin ka zuba.

Idan kuwa kusa da mafita take tsayawa, ta nannaɗe kamar mahuci, to fiyuza ce, kuma nan ne kuɗi yake. A ciki akwai wata siririyar leda da ke juyawa bisa wutar. Abin da ya fi yaga ta shi ne ƙarfen sitefila, daga takardun da ake juyawa a buga bayansu don tattali, sai kuma masu sa wuƙa ko almakashi su ƙwaƙulo takarda. Kada ka yarda yaron shagonka ya yi haka. A kashe inji, a jira ya huce, a cire katirij, a ja takardar da hannu biyu a hankali ta hanyar da take tafiya. In ta yage, a tabbata an fitar da guntun, don ɗan ƙyalle ɗaya bisa firikwensin, wato na'urar da ke gane wucewar takarda, ya isa ya sa ta ta riƙa kukan maƙalewa alhali ba komai ciki.

Da damina lamarin juyawa yake. Takardar da ta sha raɓa, in ta shiga zafin fiyuza sai ta kanannaɗe. Mai tawada ba ta damu da wannan sosai ba. Maganin kawai a bar rim cikin rigarsa, a ɗora bisa kanta ba ƙasa ba, kuma a tsaya kan takarda mai lambar nauyi 80gsm. Haka batun wuta: mai hoda tana jan ɗaruruwan wat, ƙaramin janareta na iya durƙushewa a tsakiyar aiki ya bar takarda cikin fiyuza, ita kuwa Epson ko wat 20 ba ta kai ba, ƙaramar sola ma ta riƙe ta.

Tun da kana sikanin, ga wata: mazubin saman na'urar sikanin, mai zuƙar takardu da kansa, don sababbin takardu masu yawa ne. Tsohuwar takardar haihuwa, satifiket mai leda, takardar fili da ta sha ninki, duk bisa gilashi za ka shimfiɗa su. Takardar da ka buga in ta yage ka sake bugawa, ta mutane kuwa ba ka da madadinta.

Aikinka, kamar yadda ka faɗa, furojet ne na ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, shafi ɗari ɗari, baƙi da fari. Wannan aikin mai hoda ne. Epson za ta yi maka jinkiri, ga yawan tashi zuba takarda. Ni dai shawarata ka riƙe HP ɗinka, ka sauya rola da robar ƙasanta tare, ka ɗinka mata riga. In Allah Ya hore, ka ƙaro Epson don fasfo da aikin kala. Ka duba gobe da safe ka faɗa mani inda takardar ke tsayawa, da lambar injin.