Furosija a PostgreSQL ta fitar da ni kunya, amma ina da ƙorafi

Na daɗe ina jin masu rubuta manhaja suna kushe furosija, wato umarnin nan da ake rubutawa a ajiye a cikin rumbun bayanai kansa sai dai a kira shi da suna, wai tsohon yayi ne, aikin mutanen banki masu rumbun Oracle. To ni dai na yi aiki da ita a PostgreSQL, wani nau'in rumbun bayanai, kuma wallahi akwai ranar da ta yi mini abin da ban zata ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Manhajar ta wani dillalin kayan masarufi ce, shago a gaba sito a baya, kashiyoyi suna buga ciniki a kwamfuta, saba kuma, wato kwamfutar da rumbun ke ciki, haya muke yi tana can Turai. Yadda na gaji aikin, ciniki ɗaya sai manhaja ta yi ta zarya, ta tambaya katan nawa ya rage, amsa ta dawo, ta rage, ta buɗe rasit, ta jera kaya layi layi, in bashi ne ta ɗora a kan asusun kwastoma, kowanne sai ya tsallaka teku ya dawo, kuma wanda ya fara rubutawa bai ɗaure su a tiransakshan guda ba, wato ɗaurin da ke sa ko duka su shiga ko duka su fasa. Kun dai san halin netwok. Sai ya yanke ana tsaka da aiki, kaya sun ragu a sito babu rasit, ko rasit ya fita bashin bai hau kan kowa ba. Ƙarshen wata Alhaji ya zauna da littafinsa lissafi ya ƙi, a koma ana yi wa yaran shago kallon zargi. Wannan shi ya fi ci mini rai, yaro bai taɓa komai ba ana ganinsa ɓarawo saboda kod.

Sai na tattara duk zaryar nan na zuba a furosija ɗaya da PL/pgSQL, harshen rubuta furosija na PostgreSQL, na sa mata suna sayar_da_kaya. Manhaja ta turo jerin kayan gaba ɗaya a JSON, ta yi CALL sau ɗaya, shi ke nan. A ciki ana kulle layin kowane kaya da SELECT FOR UPDATE don kada wani ya taɓa shi kafin a gama, in kayan ba su kai ba RAISE EXCEPTION ya rushe komai ya koma yadda yake. Na san wani zai ce ai ko daga manhaja za ka iya buɗe tiransakshan ka samu haka, gaskiya ne, amma fa kullen zai zauna a kan layin duk tsawon zaryar, in netwok ya sheƙe sauran kashiyoyi su tsaya suna jira. A furosija kullen ba ya wuce ƙiftawar ido saboda aikin duk a gida ɗaya ake yin sa.

Ranar da nake magana ana gab da azumi ne, lokacin da kowa ke ɗibar sukari da madara da taliya, shago ba masaka tsinke. Netwok na zuwa na ɗaukewa, wuta ma ta tafi aka tada janareta kwamfuta ɗaya ta mutu ana cikin buga rasit mai tsawo. Ina zaune a kan buhu a bayan kanta da laftof a cinya gabana na faɗuwa, ina jiran a fara kirana. Kashiya biyu suka buga katan ɗin madara na ƙarshe kusan a tare, ɗaya ya samu rasit, ɗayan allo ya ce masa kaya ba su isa ba, ya juyo ya ce "Malam, injinka ya hana ni sayarwa", aka leƙa sito, babu ko katan ɗaya da ya rage. Wanda kwamfutarsa ta mutu kuwa da ta tashi ya sake tura cinikin, ashe na farkon ya riga ya shiga amsar ce ba ta iso ba, amma da yake kowane ciniki yana zuwa da lambarsa kuma akwai UNIQUE a kanta, wato dokar hana maimaita lamba, furosija ta ƙi karɓar na biyu. Da daddare bayan an rufe aka ƙirga kuɗin aljihun tebur da na taransifa aka gwada da abin da ke kwamfuta, suka zo daidai, sito ma daidai. Alhaji ya cire tabarau ya sake dubawa da kansa. Ni kam a ranar da ka tambaye ni zan ce kowa ya kwashe kod ɗinsa ya mayar furosija.

Wani abin da na so shi ne tsaro, asusun da kashiya ke shiga da shi ba shi da ikon taɓa teburin bayanai ko ɗaya, GRANT EXECUTE, wato iznin kiran furosija, kawai na ba shi, furosija ce ke aiki da ikon mai ita ta hanyar SECURITY DEFINER. Ku dai tuna ku ƙwace iznin PUBLIC don kowa yana da shi tun farko.

To amma tunda na kawo SECURITY DEFINER bari in faɗi abin da ke cina. CREATE PROCEDURE sai a PostgreSQL 11 ya shigo, a 2018, kafin nan ɗan'uwanta fonshan kawai ake da shi, kuma babban abin da ya bambanta su shi ne furosija tana iya COMMIT a cikinta, wato ta ajiye abin da ta yi zuwa nan ta ci gaba. Sai ga shi mai SECURITY DEFINER ba ta da wannan damar, haka kowace furosija mai COMMIT in an kira ta daga cikin buɗaɗɗen tiransakshan sai ka ga "invalid transaction termination", kuma psycopg2, abin da ke haɗa manhajar Python da PostgreSQL, da kansa yake buɗe maka tiransakshan in ba ka kunna autocommit ba. Duk a rubuce yake a takardunsu, ba ɓoyewa suka yi ba, sai dai aikin rufe lissafin wata da nake so ya riƙa ajiyewa kashi kashi dole na raba shi daban da asusu daban.

Wannan ma mai sauƙi ne. Wani da muke aikin tare ya canja sunan kolum ɗaya, wato gurbin bayani, a teburin kwastomomi, ya gyara a manhaja, gwaji ya wuce lafiya, babu abin da ya yi ƙara, saboda PL/pgSQL ba ya tabbatar da sunayen kolum da ke cikin jikin furosija sai ranar da aka bi ta wannan layin. Layin kuma na masu bashi ne. Ciniki na kuɗi hannu yana ta tafiya, sai da wani babban kwastoma ya zo da mota a ƙofa an gama lodi sannan allo ya ƙi, mutum yana tsaye direba yana hon, ni kuma ina wani gari ina lalube a pgAdmin, manhajar duba rumbun, ta waya. Neman matsala a cikin furosija wahala ce ta gaske, RAISE NOTICE za ka yi ta sakawa kana cirewa, EXPLAIN mai nuna yadda tambaya ke gudana ba ya leƙa cikinta sai ka zaro kowace tambaya ka gwada ita kaɗai. Kuma a nan ne na tarar akwai sayar_da_kaya guda biyu a rumbun, don CREATE OR REPLACE in ka sauya nau'in abin da take karɓa ba ya maye gurbin tsohuwar, sabuwa yake ƙirƙira kusa da ita. Git, inda muke ajiye kod da tarihin canje-canjensa, bai san da wannan ba tunda kai tsaye aka gyara a saba. Duk yabon da na yi a sama ranar nan sai da na ji kamar in janye rabinsa.

Akwai wani ƙari da ake sakawa a PostgreSQL mai suna plpgsql_check da ke kama irin wannan kuskuren kolum tun kafin a kai kasuwa, na roƙi kamfanin da muke haya su kunna mana, suka ce ba ya cikin abin da suke bari a tsarin da muke biya, in muna so mu hau na sama. Kuɗin dala ne fa, a wannan canjin. Raina ya ɓaci sosai da amsar nan don abu ne na kyauta.

Yanzu dai abin da ya shafi kuɗi da kaya, sayarwa da mayar da kaya da biyan bashi, yana nan a furosija ba zan fitar da shi ba ko wa zai ce me. Rahotanni da lissafin rangwame da Alhaji ke canjawa duk mako na kwashe su na mayar manhaja. Kowace furosija kuma tana da fayil ɗinta a Git, Flyway, manhajar shigar da canje-canje a rumbu, ne kaɗai ke shigar da ita, na karɓe iznin gyara kai tsaye daga hannun kowa. Saura mu bar wancan kamfanin, ina neman inda za su bar ni in saka abin da nake so a rumbuna, wanda ya san mai sauƙin kuɗi ya taimaka ya faɗa mini.