Rauta ɗaya ga gida guda: yadda ta kaya mana a Tudun Wadan Zariya

Rautar da ake saka wa layi, wadda ke ɗauko sabis na 4G ta raba wa mutanen gida, na'ura ce da ba ta da rigima. Ka saka mata sim, ka jona ta da wuta, ka jira fitilunta su tsaya, shi ke nan ta fara aiki. Idan akwai ciwon kai, to daga bangon gidanka yake, ko daga wutar unguwarku, ko daga mutanen da ka ba kalmar sirri. Saboda haka sharhin nan rabinsa a kan na'urar ne, rabinsa kuma a kan abin da mai shago ba zai tsaya gaya maka ba.

Gidanmu tsohon gida ne a Tudun Wada, ba nisa da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗakin da ke jikin zaure na mayar da shi wurin aiki, ina buga wa ɗalibai furojet, ina cike wa mutane fom na makaranta da na neman aiki. A nan akwai kwamfutar tebur da firinta. Ni ina da laftof, ƙanina da ke karatu a Samaru yana da tasa, uwargida kuma tana da wata tsohuwa da take lissafin cinikin atamfa da leshi a ciki, ban da wayoyin hannu da ba a ƙirgawa. Da can kowa da datarsa, idan aiki ya taso a kwamfuta sai a kunna hotsifot na waya. Wayar ta yi zafi kamar a soya ƙwai a bayanta, batir ya zube, kira na shigowa aikin ya tsaya. Da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, sai ƙananan datar da kowa ke saya ɗai-ɗai suka daina yin ma'ana. Babban kunshi na wata ya fi sauƙi idan aka lissafa kuɗin kowace giga.

Rautar iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda kamfanin layi ke sayarwa da kansa, mai araha, galibi da kyautar data a farko, amma a kulle take, layinsu kaɗai take karɓa. Akwai kuma buɗaɗɗiya da ake samu a shagunan kayan waya na PZ da Sabon Gari, irin su TP-Link da Huawei da ZTE, wadda ke cin kowane layi. Ni buɗaɗɗiya na saya duk da ta fi tsada, kuma har gobe ita zan ba mutum shawara. Dalili kuwa, a Zariya babu layin da za a ce shi ne sarki ko'ina. Wanda ke gudu a Hanwa yana iya rarrafe a Gyallesu, wanda ya cika sanduna a Kwangila ka shiga da shi lungun Ƙofar Doka ya koma sanda ɗaya. Shi ya sa ma ban ga amfanin faɗin layin da nake amfani da shi ba, don ba lallai ya yi maka abin da ya yi mini ba. Ka ari wayoyin 'yan uwa masu layi daban-daban, ka gwada su a cikin ɗakin da za ka ajiye rautar, kuma ka gwada da daddare bayan isha'i, ba da hantsi ba. Da hantsi kowane layi mutumin kirki ne.

Wani abu da ya kamata a duba a jikin kwali kafin a biya: lambobin zangon 4G da na'urar ke kamawa. Kamfanonin Najeriya suna aiki da zango na 3 da 7 da 20 da 28. Na 20 da na 28 su ne masu megahaz 800 da 700, kuma su suka fi ratsa bango da cin nisa. Wasu rautocin gwanjo da aka kwaso daga wata ƙasa ba su da su, sai ka ga wayarka na nuna 4G a ɗaki amma rautar tana fama. Sim ɗin da za ka saka mata ma sai an haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi.

Tawa tana da eriya biyu, da ramukan kebul huɗu a baya, kuma kwalinta ya ce tana ɗaukar na'urori har 32. Ba ƙarya suka yi ba, tana ɗauka. Abin da ba su rubuta ba shi ne ba ta ƙara gudun da ke shigowa daga turken sabis, raba shi take yi. Tire ɗaya ne na shinkafa a gidan biki, yawan hannaye ba ya ƙara masa ko loma. Idan ni kaɗai ne da safe, fayil mai nauyi yana sauka kafin in gama kurɓar shayi. Idan ƙanina ya shiga darasi ta Zoom, uwargida na ɗora bidiyon kaya a Instagram, yara kuma sun kama YouTube, to shafin da nake cike wa mutum fom sai ya tsaya yana juyi, mai fom na tsaye a kaina yana duba agogo. Ɗora abu ma ya fi sauke shi cutar da sauran, don hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci. Na kuma lura cewa idan ɗalibai suka tafi hutu, sabis ɗin unguwar gaba ɗaya yana sakin jiki, suna dawowa ya koma gidan jiya. Wannan ba laifin rauta ba ne, turken ne muke rububi a kansa mu da su.

Inda na fi shan wahala shi ne bango. Sashen mahaifiyarmu da zauren ginin ƙasa ne na da, mai kaurin da yaro zai iya kwanciya a kan taga, sashena kuma na bulo ne da rufin kwano. Rautar tana watsa waifai iri biyu, na 2.4 da na 5. Na 5 ya fi gudu, amma bango ɗaya na ƙasa ya ishe shi, yana fita ƙofa ya mutu. Na 2.4 ya fi juriya, sai dai shi ma da ya ratsa tsakar gida ya haɗu da katangar zaure sai ya zama sanda ɗaya mai zuwa tana tafiya. Wurin da ya yi mana daidai shi ne saman taga ta falo, wadda ke kallon tsakar gida, a kan ɗan katako da kafinta ya kafa mini kusa da silin. Ɗaga ta daga kan tebur zuwa can kaɗai ya ƙara mata sanda a sabis ɗin da take kamowa. Kada a sa ta bayan talabijin, ko cikin durowa don gudun yara, ko kusa da firji.

Kwamfutar zaure kuwa kebul na ja mata, kuma a duk abin da na kashe wa kuɗi babu wanda ya biya ni kamarsa. Kebul ɗin intanet irin Cat6 yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, gidan birni kuwa da wuya ya kai haka. Ana sayar da shi da awo, a matse maka kawunansa a shago nan take. Na bi da shi ta ƙarƙashin indararo cikin siririn bututun roba saboda rana da ɓeraye, ya shiga zaure ta saman ƙofa. Tun daga ranar, kwamfutar da ba ta da waifai ma sam ita ce ta fi kowa samun natsattsen intanet a gidan. Firintar da ke jikinta na buɗe ta ga sauran, yanzu ƙanina yana daga ɗakinsa zai turo takarda ta fito a zaure, sai dai ya leƙo ya ce, "Yaya, ta fito?" Mutane da yawa ba su san rauta na yin wannan ba: ko data ta ƙare, kwamfutocin da ke kanta suna ganin juna, ana tura fayil daga wannan zuwa waccan ba tare da an taɓa ko mega ɗaya ba, kuma an huta da yawo da filashi mai ɗauke da cuta.

Sai wuta. Wannan irin rautar ba ta da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa, kuma idan an dawo da ita tana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta kama sabis. Ga mai cike fom da ya kai matakin biyan kuɗi, wannan minti biyun masifa ce. Abin daɗin shi ne cinta kaɗan ne, bolt 12 take amfani da shi, ba ta kai ƙwan fitila na da ba. Akwai ɗan akwatin batir da ake sayarwa musamman don rauta, ana jona shi tsakaninta da soket, yana riƙe ta sa'o'i da dama kuma ba ta ko ƙiftawa idan wuta ta tafi. Akwai kuma kebul mai ɗaga bolt 5 na fawa banki zuwa 12, mai arha, shi ma yana fitar da kai kunya. Duk wanda zai sayi rauta ya saka kuɗin ɗayan biyun nan cikin lissafi tun farko. Zafin Maris da Afrilu yana sa ta ɗumi sosai a can sama kusa da kwano, wani lokaci da azahar sai ta yi nauyi har a kashe ta a kunna. Da hunturu kuma ƙura ke toshe ƙananan ramukan da take shan iska, sai a bi ta da busasshen buroshi. Da damina in hadari ya haɗo da tsawa, cire ta nake yi daga soket, har da kebul ɗin zaure.

Amma duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka zo maganar data. Watan farko kunshin da muka ɗauka zai kai ƙarshen wata bai ga tsakiyarsa ba, kowa kuma ya rantse ba shi ba ne. Kuma gaskiya suka faɗa ta wani ɓangaren. Kwamfuta da waya idan suka ga waifai suna ɗauka kyauta ne. Windows ta kama sabunta kanta da giga-giga, wayoyi su kama tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google, manhajoji su yi ta sabuntawa cikin dare kowa na barci. YouTube da ke nuna wa mutum hoto daidai wa daida a kan datar waya, yana hawa waifai sai ya ɗaga zuwa mafi kyau, awa ɗaya ta lashe fiye da giga. Maganin yana cikin saitin Windows, wurin da aka rubuta Metered connection, a kunna shi a kowace kwamfuta har da mai kebul. A wayoyin Android ma akwai irinsa. Bidiyo kuma a tsayar da shi a 480, a kan fuskar waya ba wani bambanci da ido zai gani.

Kunshin da ake tallatawa da sunan marar iyaka, a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasansa. Yawancinsu akwai adadin da idan ka kai za a rage maka gudu har ƙarshen wata.

Shafin sarrafa rautar, wanda ake shiga ta burauza da lambobin da ke manne a ƙarƙashinta, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, shi ne wurin da na fi yaba mata kuma na fi jin haushinta. Yana nuna duk na'urar da ke kai, ana karanta saƙonnin da suka shigo layin, ana duba ragowar data. Amma tawa jimillar abin da aka ci kawai take nunawa, ba ta faɗin wa ya ci nawa. Da na sami mai rarrabe wannan, kuma mai bari a yanka wa kowace na'ura iyakar gudu, da na ƙara kuɗi na ɗauke ta. A gidan da ake karo-karon kuɗin data, wannan lissafin shi ke hana a kwana da juna a rai.

Ta wannan shafin ne na ga baƙin wayoyi da ban san masu su ba. Kalmar sirri ba ta ɓoyuwa a gidan Bahaushe. Wayoyin yanzu suna fitar da ita a hoton QR, yaro ya nuna wa abokinsa, abokin ya nuna wa yayansa, kafin ka farga dakalin ƙofar gida ya zama majalisa bayan magariba. Toshe su ɗaya bayan ɗaya ba ya aiki, don tun daga Android 10 waya na iya sauya lambar shaidarta ta dawo kamar sabuwa. Abin da ya yi aiki shi ne akasin haka: na rubuta na'urorin gida kaɗai a jerin waɗanda aka yarda da su, na kashe maɓallin WPS mai haɗa na'ura ba tare da kalmar sirri ba, na canza kalmar shiga shafin daga wadda ta zo da ita. Maƙwabcinmu dattijo, da ya aiko a taimaka wa 'yarsa ta duba sakamakon jarrabawa, ba a ce masa a'a, haƙƙin maƙwabtaka ya wuce giga ɗaya. Irin wannan sai in buɗe musu waifai na baƙi, wanda ke da tasa kalmar daban kuma ba ya ganin kwamfutocinmu, in sun gama in rufe. Hajiya mahaifiyarmu dai har yanzu tana ganin rowa ce. "Kai dai ka bar yara su sha iska," in ji ta, ita da ba ta ga kuɗin da ke fita duk wata.

Akwai masu ce mini me ya sa ban sa Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ba, tunda tun Janairun 2023 ta shigo Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Ga mai kafen intanet ko makaranta ko ofis mai mutane da yawa, tana da hujja. Ga gida irin namu, kuɗin kwanon kama sabis ɗinta kaɗai dubu ɗaruruwa ne, ga na wata, ga shi tana jan wuta ninkin-ba-ninkin na ƙaramar rauta, ba abin da ƙaramin fawa banki zai riƙe ba ne, sai da sola da inbata. Rautar 5G kuma, duk da MTN ta fara wannan sabis a ƙasar tun 2022, kada a biya kuɗinta sai an ga 5G ɗin da ido a cikin ɗakin da za ta zauna.

Mutum ɗaya mai laftof ɗaya da ke yawo tsakanin Samaru da gari, ƙaramar mifai ta aljihu mai batir ta fi masa wannan. Gidan da ke da kwamfuta biyu zuwa sama da suke zaune wuri ɗaya, musamman in akwai ta tebur, rautar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a haɗa da batirinta da kebul a rana ɗaya, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe shafin sarrafawa. Idan zan sake saye, zan nemi mai ramin ƙarin eriya ta waje, don in kafa ta a saman rufi ta fuskanci turke, rautar kuma in sauko da ita daga zafin kwano.