Gargaɗi ga masu kurme: ana sayar da gilashin liƙawa na jabu a intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kurme da tukunyar iska, musamman waɗanda suka haura shekara 40 suka fara miƙe hannu nesa kafin su iya karanta geji, wato agogon da ke nuna iskar da ta rage a tukunya. Wasu 'yan damfara sun sako mu a gaba. Suna tallar 'yan ƙananan gilasan roba da ake liƙawa a cikin tabaran kurme domin ƙara ganin kusa, amma abin da suke turo wa mutane leda ce kawai da gam a bayanta. Sunan shagon nasu ba ya zama: yau wannan, bayan 'yan makonni wancan, hotuna da bidiyo kuwa su ne dai ba canji. Kama suna ba zai amfane mu da komai ba, don haka kamanninsu zan faɗa.

Na ainihin yana nan, kuma yana da amfani, kada wani ya ɗauka duk abin ƙarya ne. Roba ce mai laushi, garau, mai siffar rabin wata. Ba ta da gam ko kaɗan. Jiƙa ta ake yi da ruwa, a manna ta a ƙasan gilashin tabarau ta ciki, a matse kumfar iskar da ta maƙale, a bar ta ta bushe kamar kwana guda. In ta yi girma a rage ta da almakashi, in an so a ɓare ta a sake manna ta. Kowace tana zuwa da lambarta a rubuce, irin lambar gilashin karatu, daga wajen +1.25 har zuwa +3.00. Aikinta ɗaya ne tak: ka duba ƙasa ka karanta geji, ko kwamfutar kurme mai nuna zurfi da lokacin da ya rage, ko allon kyamara, ka ɗaga ido ka ci gaba da ganin nesa ta saman gilashin kamar yadda ka saba.

Abin da ke kai mu ga nemanta kowa yana zuwa wajen. A cikin ido akwai wata ƙwaya mai kama da gilashi, wadda ke tanƙwarawa idan mutum ya kalli abu na kusa. Tsakanin shekara 40 da 45 take fara tauri, ƙananan rubutu su soma haɗewa. A ƙarƙashin ruwa kuma sai lamarin ya ƙaru. Haske yana karyewa idan ya fito daga ruwa ya shiga iskar da ke cikin tabarau, shi ya sa komai ke ƙara girma da kusan kashi 1 cikin 3, yake kuma matsowa da kusan kashi 1 cikin 4. Gejin da ka riƙe a tazarar santimita 40, idonka yana ɗaukarsa a santimita 30. Ga kuma ƙarancin haske idan aka yi zurfi. Mutumin da ke lallaɓawa a tudu ba gilashi, a ƙasan ruwa sai ya tarar lambobin sun guje masa. Wannan damuwar ce waɗannan mutane suka gano, suke cin kasuwarsu a kanta.

Babbar ƙaryar tallarsu ita ce wai gilashi ɗaya ya ishi kowa, wai shi da kansa yake daidaita da idon wanda ya sa shi. Ƙarfin gilashi daga tanƙwarar jikinsa yake fitowa, kuma ɗan guntun roba tanƙwara ɗaya gare shi, ƙarfi ɗaya. Mai bukatar +1.50 da mai bukatar +2.75 ba za su taɓa gamsuwa da abu guda ba. Har cewa suke yi yana gyara wa marasa ganin nesa, alhali su gilashi mai kwarmi a tsakiya suke bukata, mai lambar ragi. Ka sa musu mai tudu, ka ƙara musu hazo. Haka wanda likita ya rubuta wa lambar silinda da kusurwa, da wanda tun yana matashi idonsa ke bukatar ƙari a kusa da nesa duka: waɗannan sai dai a yanka musu gilashi daidai da takardar likita a haɗa shi da tabarau, ko su nemi tabarau mai taga biyu da ake sauya wa gilasai.

A ɗaya daga cikin bidiyoyinsu ma a wajen tabarau aka manna abin, ɓangaren da ke taɓa ruwa. Duk wanda ya san yadda gilashi ke aiki, nan zai gane babu mai kurme a cikinsu. Gilashi yana tara haske ne saboda bambancin da ke tsakaninsa da abin da ya kewaye shi. Ma'aunin karya haske na iska 1 ne, na ruwa 1.33, na irin wannan roba kusan 1.5. Idan tudun gilashin ya shiga ruwa, bambancin ya tsuke, abin da zai rage na ƙarfinsa bai wuce kashi 1 cikin 3 ba. Ko na ainihi ne, a ciki yake aiki, inda akwai iska. Sai kuma tambura da suke jerawa a ƙasan talla don a ce an amince da su. Ƙungiyoyi irin su PADI aikinsu horar da masu kurme da ba su katin shaida. Tambari a jikin hoto kowa zai iya kwafowa ya liƙa.

Na ga kayan da idona a hannun wani yayana a wannan harka, mutum mai natsuwa da ya daɗe yana shiga ruwa. Ambulan ne fari, ba sunan kamfani, ba adireshi, ba lamba ko ɗaya. A ciki ga 'yan rabin wata guda biyu, sirara kamar ledar da ake manna wa fuskar waya, da takarda a baya. Yana ɓare takardar warin gam ya bugi hancinmu. Muka ɗora ɗaya a kan rubutu: tsakiyar ba ta ƙara komai ba, gefen kuwa ya karkatar da haruffa har layi ya lanƙwashe. Tun da sun lallashe shi ya sayi fiye da ɗaya, ya riga ya manna wasu a tabaransa, ya shiga ruwa da su. Muna ƙasa ya ɗaga kai ya hura iska ta hanci don ya fitar da ɗan ruwan da ya shigar masa, sai gefen ledar ya tashi. Gam ɗin ya riga ya yi fari fat saboda danshi. Ya juyo gare ni, ya kaɗa tafin hannu alamar akwai matsala, ya nuna idonsa, sannan ya miƙo mini gejinsa in karanta masa. Na ɗaga masa babban yatsa, muka kama hanyar sama a hankali. Da ya cire tabarau idanunsa sun yi jajir suna zubar da hawaye, domin tabarau rufaffen wuri ne, duk abin da gam ya fitar ido ne ke shan sa.

Shi Allah ya taimake shi, abin ya lalace gaba ɗaya har ya san ba ya gani. Wanda nake jin tsoro shi ne wanda ledar ta zauna masa, yana ganin lambobi dishi-dishi, ya kuma yarda cewa ai ya sa gilashi. Ana cika tukunya zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), ana so mutum ya fito da bar 50 a ajiye. A zurfin mita 30 nauyin da ke kanka ya ninka na tudu sau 4, iskarka ma haka take ninka saurin ƙarewa. A teburin PADI, minti 20 ne iyakar zama a wannan zurfi ba tare da tsayawar dole a hanyar fitowa ba. Idan kwamfuta ta ce saura minti 3 kai kuma ka karanta 8, jikinka yana can yana ƙara shan naitirojin kana zaton da sauran lokaci. Saurin hawa, tsayawar minti 3 a mita 5, alkiblar kamfas, duk da ƙananan lambobi da alamomi ake bin su. Wanda ya san ba ya gani zai tambayi abokinsa. Wanda aka sayar wa ƙarya ba zai tambaya ba, kuma wannan shi ne laifin da ban iya yafe wa waɗannan mutane ba. Kuɗin da suka ci ƙaramin abu ne a kan wannan.

Wajen karɓar kuɗi ma hanyarsu sananniya ce. Agogo yana ƙirga cewa rahusa ta kusa ƙarewa, ka sake buɗe shafin ka tarar ya koma farko. Yabon masu saye duk taurari biyar, da kalmomi iri ɗaya. Sun fi son a tura musu kuɗi kai tsaye, ta hanyar da ba a iya dawo da su. Wasu kuma da suka biya da kati sai daga baya suka ga ana cirar musu kuɗi duk wata, saboda wani ɗan akwati da aka riga aka yi wa alama a ƙasan shafi. In ka yi ƙorafi sai romon baka: ka riƙe kayan a mayar maka da ɗan wani abu, ko ka aika da shi wani adireshi mai nisa da kuɗin aikawa ya fi na kayan. Jan lokaci suke yi har wa'adin da banki ke bayarwa na ƙalubalantar ciniki ya wuce, daga nan sai su yi layar zana.

Tambaya ɗaya ta isa ta tona su kafin ka biya: lamba nawa ne? Mai kayan gaskiya shi ne ma zai fara tambayarka lambar da kake so. In aka ce maka ba sai da lamba ba, rufe shafin. Lambar taka kuma wajen likitan ido za ka samo ta. Ka gaya masa a ruwa za ka yi amfani da ita, ka nuna masa tazarar da kake riƙe geji, domin wasu sukan bukaci ɗan ƙari a kan ta karatu.

In kaya ya riga ya iso hannunka, akwai gwajin da ba ya bukatar na'ura. Manna shi a kan gilashi mai tsabta marar tanƙwara, ka fita rana, ka sa farar takarda a ƙarƙashi, kana ɗagawa kana saukewa har hasken ya taru wuri guda. Auna tazarar. Raba 100 da lambar gilashin, abin da ya fito shi ne santimitar da ya kamata ka samu: +2.00 a santimita 50, +2.50 a santimita 40. Takardar za ka kalla, kada ka kuskura ka kalli rana ta cikinsa. Na yayana da muka gwada, haske bai taru ko'ina ba. Sannan ka kwatanta shi da gilashin karatunka a kan rubutu ɗaya, ka duba ko layi yana miƙe har bakin gefe.

Na ainihin ma yakan faɗi, wannan gaskiya ce, amma yawanci da dalili. Sabon tabarau yana zuwa da maiƙon silikon a jikin gilashi, ga ragowar maganin hana tururi, dole a wanke su tas kafin a manna. Man goge baki da muke cuɗa gilashi da shi kafin a manna ake amfani da shi, bayan haka yana kankare robar. Kada kuma a watsa ruwa mai ƙarfi a gefenta. Duk sabon gilashi a fara gwada shi a wurin wanka ko ruwa marar zurfi, a cika tabarau da ruwa a fitar da shi sau da yawa a ga ko zai motsa. Ka kuma gaya wa abokin kurmenka tun kuna sama cewa da gilashi kake karanta geji, domin in ya ɓare a ƙasa ya san ma'anar alamar da za ka yi masa, ku fito tare.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, kada ya sake shiga ruwa da abin. A ɓare shi, a kankare gam ɗin daga gilashi a hankali, a kiyaye kada wani sinadari mai narkar da gam ya taɓa robar da ke zama a fuska, a wanke tabarau da sabulu mai laushi. In jan ido ko raɗaɗi bai lafa ba, sai wajen likitan ido. In kuwa ka yi kurme da shi ba ka tabbatar da lambobin da ka karanta ba, sannan ka ji ciwon gaɓoɓi, ko jiri, ko wani sashe na jikinka ya yi sanyi ba ka jin sa, wannan na gaggawa ne: a nufi asibiti, a faɗa musu daga kurme kake, a kuma kira layin gaggawa na DAN, ƙungiyar da ke ba masu kurme shawarar lafiya. Ɗauki hoton tallar, da rasit, da duk saƙonnin da kuka yi da su tun ba su goge ba, ka kai wa bankinka yau, ka nemi a toshe duk wata cira ta gaba daga katin. Malamai masu horar da kurme da masu jiragen da ke fita da mu, don Allah ku riƙa leƙa cikin tabaran dattawanku kafin a faɗa ruwa. In kun ga farin gam a gefen gilashi, ku miƙa wa mai shi geji ya karanta muku lambar a gabanku.