Daga Birmingham zuwa Katsina: abin da ya cancanci shiga jakar kilo 23

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, ya zafi, ya su Hajiya da yara. Jerin saƙon da mutanen gida suka haɗa ya iso, kuma kafin a kashe ko sisi gara a tace shi, don jaka ɗaya kilo 23 ce a yawancin jirage. Rabin abin da ake kwaɗayi daga Ingila an ƙera shi ne don sanyin nan da wutar nan da ruwan nan. Idan ya sauka Katsina a watan Afrilu, wani labarin ne daban.

Kayan wuta suka fi yawa a jerin. Wutar Ingila volt 230 ce, daidai da tamu, filoginsu kuma shi ne mai ƙafa ukun da ke shiga soket ɗin gida ba tare da adafta ba. Na Amurka ne matsala, don volt 120 ne, kana soka shi kai tsaye zai ƙone. Sai dai shigar filogi ba ta nufin gida zai iya ɗaukar kayan. Butar dafa ruwa ta lantarki da Hajiya ta ce a sawo, yawancin na nan watt 3000 ne, wato tana jan amp 13 ita kaɗai. Ƙaramin janareta ba ya kai watt 1000, kana kunna ta zai shaƙe ya mutu, inbatar sola ta gida ma za ta yi ƙara ta yanke. Dutsen guga mai tururi shi ma yana haura watt 2000. A kifa kayan a duba ƙasansa, an rubuta lambar. Sannan a cikin kowane filogin Ingila akwai ɗan fiyus: ja na amp 3, baƙi na 5, ruwan ƙasa na 13. Sau da yawa kayan da ake cewa ya lalace fiyus ɗin ne kawai ya tsinke. A sayi irinsa a maye gurbi. Dabarar da wasu masu gyara ke yi ta naɗa siririyar waya a wurin tana tayar da kayan, amma ranar da wuta ta zo da ƙarfi injin ne zai ƙone a madadin fiyus.

Firiji kuwa ban ba da shawarar a yi masa kuɗin kwantena ba. Akwai tambari a cikinsa ko a bayansa da ke faɗin zafin da zai iya jurewa. Mai harafin SN ko N iyakarsa digiri 32, ST 38, T kuma 43. Da yawa daga cikin na nan, musamman na hannu, iyakarsu 32 ko 38 ne. Ka tuna ɗakin ajiyar Hajiya mai rufin kwano da azahar a bazara. Kwamfuresa zai yi ta aiki babu hutu, ruwa ba zai yi sanyin kirki ba, daga baya ya gaji ya tsaya. Bayan haka yawancin na zamani gas R600a suke amfani da shi, mai kama wuta ne, kuma idan mai gyara ya ɗura masa R134a don shi ne a hannunsa, ya gama da injin. Wanda aka haɗa don ƙasashen zafi da ake sayarwa can gida ya fi shi, a haɗa masa da sitabilaiza mai jinkirta kunnawa na minti uku bayan an dawo da wuta.

Tukwane akasin haka ne, daga gida ake kawo su nan, shi ma da sharaɗi. Tukunyar dalma mai kauri babu kamarta wajen tuƙa tuwo, tana riƙe zafi, ba ta tsoron muciya. Amma gidajen haya da yawa yanzu murhunsu na gilashi ne mai aiki da maganaɗisu, kuma dalma ba ta ɗaukar maganaɗisu, sai ka ɗora tukunya murhu ya yi kamar bai gan ta ba. Gwajin mai sauƙi ne: a manna ɗan maganaɗisu a gindin tukunyar, idan ya kama za ta yi. Tukwanen nan masu baƙin shafe da abinci ba ya kamawa suna da kyau ga ƙwai da wainar fulawa, amma cokalin ƙarfe da soson waya suna kankare shafen cikin 'yan watanni. Kar a saya wa amarya saiti guda a ce an yi mata gata, alhali almajirin da ke wanke-wanke da yashi zai goge su. Abin da na yarda a aiko daga ɓangaren madafa shi ne wuƙa mai kyau da tukunyar da ke dafawa da matsin tururi, wadda ke nunar da wake ko ganda cikin kashi ɗaya bisa uku na lokacin da aka saba. Ita ma a haɗo da robar murfinta guda biyu, don ita ke fara saki.

Sabulun wanki ba sai an ɗauko ba. Garin sabulun nan an yi shi ne don inji, shi ya sa ba ya kumfa, mai wanki a baho zai yi ta zubawa yana cewa jabu ne. Kala biyu ne, wanda aka rubuta wa bio da non-bio. Na farkon yana da sinadarin da ke cinye maiƙo da jini a ruwa mai ɗumin digiri 30 zuwa 40, amma yana cin ulu da siliki. Shadda kuwa ba ta da masoyi a nan. Injin wanki yana kashe mata sheƙi, injin busarwa yana tsuke ta, kuma babu masu bugu. Abin dariya, Getzner ɗin da muke ji da ita a Ostiriya ake saƙa ta, nan kusa, amma a kasuwar gida za ka fi samun zaɓi da telan da ya san darajarta.

Abu biyu ƙanana ga duk mai tahowa. Bayan gidan nan babu buta, wani ma da kafet a ƙasa. Shagunan 'yan Pakistan suna sayar da ita da sunan lota. Turaren wuta kuma yana tayar da ƙararrawar hayaƙi da ke manne a silin, a dogon bene ta tashi kowa. Ƙaramin kaskon lantarki ya fi, hayaƙinsa kaɗan ne. Gawayi kuwa kar a kuskura a hura shi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Wajen abinci, a Birmingham an yi sa'a. Titin Alum Rock da Stratford da Coventry cike suke da shagunan Musulmi, matsalar kawai sanin sunan abu. Gero a wurin Indiyawa bajra ne, dawa jowar, tsamiya imli, kuɓewa bhindi. Zoɓo yana shagunan 'yan Jamaika da sunan sorrel. Daddawa sai shagon Yarbawa, iru, kuma tasu ɗanya ce mai laushi, ba a daka ta an busar kamar tamu ba, don haka a rage hannu. Garin bajra yana yin fura da kunu, sai dai an niƙa shi da dusarsa, yana da ɗan ɗaci idan ya kwana biyu a buɗe. Nonon da ya fi kusa da na Fulani shi ne kefir, ko a tsinka yogot mara sukari da ruwa; mai kaurin nan na Girka yana danne ɗanɗanon fura. Tarkon da ke kama baƙi shi ne kuka. Garin baobab da ake sayarwa da tsada a shagunan kayan gina jiki na 'ya'yan ne, fari mai tsami, ba na ganye ba. Wanda ya kaɗa miya da shi zai sha mamaki. Don haka kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji su ne tsarabar da ake murna da ita. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa doka ta hana shigo da su, duk wani nama ko kayan madara daga Najeriya ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma kilo 2.

Yanzu abin sha, wanda ya kamata a karanta wa yaran da ke shirin zuwa karatu. A babban kanti, giya da lemo da ruwan 'ya'yan itace duk a gwangwani iri ɗaya suke, wani lokaci a kanta maƙwabciya. Abin dubawa shi ne ɗan rubutun ABV, wato ma'aunin yawan barasar da ke ciki, da lambar da ke gabansa. A ƙa'idar Ingila, wanda aka rubuta wa alcohol-free bai kamata ya wuce kashi 0.05 cikin ɗari ba, amma na wasu ƙasashen Turai da ake shigowa da su suna kai 0.5 da wannan sunan, kuma low alcohol yana kai 1.2. Ban da haka, yawancinsu giya ce aka dafa sannan aka cire mata barasa, hukuncinta kuma na malamai ne, ba na mai kanti ba. Cider ba lemon tuffa ba ne a nan, giya ce sosai. Ginger beer yawanci lemon citta ne duk da sunansa, amma akwai mai kashi 4, kwalbar kusan iri ɗaya. Shandy giya ce da aka gauraya da lemo. Har kifin da ake soyawa da ƙullun fulawa, wasu gidajen abinci da giya suke kwaɓa ƙullun, kuma suna rubutawa a takardar abinci ga mai karantawa. Mai kewar maltin gida ya nemi Supermalt, ta fi Maltina kauri da zaƙi a bakina, amma da sanyi tana tafiya. Alewar yara mai danƙo ma a duba, gelatin ɗinta sau da yawa na alade ne. A mahauta kuma tambarin HMC na nufin ba a sumar da dabbar ba kafin yanka.

Littafi shi ne abin da na fi yarda a ba shi kilo. Ba a ɗora masa harajin saye a nan, shagunan ƙungiyoyin agaji kuma suna sayar da na hannu fam ɗaya ko biyu. Littattafan yara masu bangon kwali da hotuna, taswirori, ƙamus, da na kimiyya da aikin jinya, takardarsu da ɗinkinsu sun fi na bugun gida nesa. Amma waɗanda aka haɗa da gam kawai, zafi yana busar da gam ɗin su fara zubar da shafi, sai a kai wa mai ɗinkin littafi tun da wuri, a kuma ɗaga su daga ƙasa saboda gara. Littafin karatun firamare na nan ba ya bin manhajarmu, lissafinsa da fam da fenni ne, labaransa dusar ƙanƙara. Kuma a buɗe na yara a duba kafin a biya, ba kowane ne Hajiya za ta yarda jikanta ya karanta ba. Littafin Hausa kuwa babu shi a kanti ko na magani, sai a irin ɗakin karatun jami'ar SOAS a Landan. Wanda ke da yara a nan, littafin koyon karatun Hausa ya fi masa turmin atamfa.

Fim ba ya buƙatar jaka. Faifan DVD na nan na shiyya ta 2 ne, Najeriya tana ta 5, wato ba kowace na'ura ce za ta kunna shi ba, kodayake yawancin na'urorin gida ba sa tambaya. Sinimomin Birmingham suna nuna finafinan Indiya a makon da suka fito, da rubutun Turanci a ƙasa, babu mai fassara da ke ƙara gishirinsa, kuma gaskiya rabin daɗin ya tafi da shi. Abin da ya burge ni shi ne alamar shekaru: U, PG, 12A, 15, 18, kuma mai tsaron ƙofa yana aiki da ita. Kallon talabijin kai tsaye sai da lasisi, a 2024 fam 169.50 ne a shekara. Na Kannywood da ake ɗorawa a YouTube ba sa buƙatarsa.

Inda suka yi mana nisa shi ne bayan ciniki. Dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kayan da ya samu da aibi a ba shi kuɗinsa cif, abin da aka saya ta intanet kuma akwai kwana 14 na fasawa ko da lafiyarsa ƙalau. Babu rantsuwa, babu "an saya an saya", rasit kawai. Amma wannan haƙƙin ba ya hawa jirgi. Garantin yawancin kaya ba ya aiki da zarar sun bar ƙasar, shi ya sa komai za a aiko sai an gwada shi nan tukun. A ɗaya ɓangaren, gyara ya fi saye tsada, abin da yaron shago a Ƙofar Ƙaura zai tayar da ɗan kuɗi, nan bola ake kai shi. Waya babu laifi, tun Disamban 2021 aka hana kamfanoni sayar da wadda aka kulle a layi ɗaya, tsofaffin na hannu ne kawai za a tambaya. Magani kuma kar a sa rai: a babban kanti farasitamol ƙwaya 16 ne a fakiti, ba sa sayar wa mutum fiye da fakiti biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa sai da takardar likita. Motar da Kawu ya tambaya, sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka bar wannan tsarin, juya shi aiki ne da ke taɓa birki da wayoyi. A gaya masa ya duba ta Kwatano.

A gaida Hajiya da kyau. Idan an samu mai tahowa, kukar a daka ta a tankaɗe, a ƙulle a leda biyu, a rubuta sunanta a jiki.