Busasshen guzurin sojoji: abin da na gani bayan kwana biyar a Gada

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, aikin haƙa rijiyar burtsatse ya kai mu wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gada, kuma na tafi da leda shida na busasshen abinci irin wanda ake yi wa sojoji guzuri da shi. Ƙanena ne ya kawo mini daga Ingila, ya ce, "Yaya, ka gwada wannan ka huta da ɗaukar tukunya."

Rashin nauyinsa ne ya fara burge ni, domin duka shidan ba su kai nauyin mudun shinkafa ba. Ana dafa abincin ne, a daskarar da shi, sannan a saka shi cikin na'urar da aka zuƙe iskarta, inda ƙanƙarar take zama tururi ba tare da ta narke ba, har kusan duk ruwan ya fita. Da wannan dabara aka adana ruwan jini da maganin penisilin a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sojojin Amurka masu sintiri mai nisa sun ci irin wannan abinci a yaƙin Biyetnam.

Da na yage ledar shinkafa da kaza, sai na tarar da naman fari fat, yana murmushewa tsakanin yatsu kamar busasshiyar kuɓewa. Na zuba tafasasshen ruwa, na rufe minti goma, shinkafar ta tashi sosai, naman ya yi laushi, ko da yake sai da na barbaɗa yajin da uwargida ta ƙulla mini kafin ya ciwu.

Inda na ga gazawarsa shi ne ruwa. Ruwan da aka cire a masana'anta kai za ka mayar da shi, alhali mu a can jarka biyu muke rabawa mutum bakwai, ga neman itacen tafasawa da tsakar rana. Rana ta huɗu na haɗa da ruwan da bai tafasa ba, na jira kusan rabin awa, tsakiyar naman tana nan da tauri. Abokan aikina kuwa kilishi da dakuwa suka ciro daga aljihu suka ci a tsaye, ba wuta ba jira.

Wannan abinci ya dace da mai tafiyar ƙasa a inda ruwa yake kusa. A tafiyarmu ta Illela mai zuwa leda biyu kawai zan ɗauka saboda abincin dare, sauran guzurin kilishi ne.